Wurin kine na masu ciwon huhu a Yamai: tahiyar ta yi ma Inna amfani, amma akwai gyara

Inna ta kammala zuwa wani kabine na kine, wato wurin gyaran jiki da motsa gaɓɓai, nan cikin Yamai inda ake sa masu daɗaɗɗen ciwon huhu tahiyar ƙasa ana auna su, kuma tun ran da ƴan unguwa sunka fara ganinta tana takawa da ƙafarta zuwa gidan suna ake ta tambayata ko wurin ya cancanci kuɗɗin da ake zubawa. E, ya cancanta, wallahi ya cancanta, amma ba yadda su masu wurin suke tallarshi ba kuma ba ga kowa ba. Ba zan kama sunan wurin ba dan akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba kuma zan faɗe su duka, ba ni son ya zama kamar ɓata ma wani sana'a nika yi.

Ciwon Inna shi ne wanda lokotoro ke rubutawa BPCO a karne. Hanyoyin iska na cikin huhu sun matse sun lalace, iska na shiga amma hitarta ce wahala, sai ta maƙale ciki, mutum ya ji ƙirjinshi cike amma shina neman numfashi. Inna ba ta taɓa sa sigari a baki ba. Shekara da shekaru ta yi tana tuyar masa da ƙosai kan murhun icce cikin ɗakin girki mai ƴar taga guda, tun asuba har hantsi, da marece kuma ga tuwon gida, hayaƙin nan ne ya ci ta. Hukumar lahiya ta duniya, OMS, ta ce a 2021 ciwon ga ya kashe mutum miliyan 3.5, shi ne na huɗu cikin abubuwan da sunka hi kisa a duniya, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda ya kashe kahin su kai shekara 70 a ƙasashe marasa ƙarhi da masu matsakaicin ƙarhi suke. A ƙasashen Turawa taba ce ke kawo sama da kashi 70, a irin namu taba kashi 30 zuwa 40 ce kawai, hayaƙin girki na cikin gida na da babban kaso a sauran. To ku duba iyayenmu mata nawa ne ke tari shekara da shekaru ana cewa sanyi ne ko tsufa.

Kahin ma a yi maganar kine, dan Allah kar wanda ya ɗauki tsohonshi mai tari ya kai shi wurin tahiya kai tsaye. A fara da lokotoron huhu, akwai sashensu a asibitin Lamorde, a auna majina a tabbata ba tarin tibi ba ne, dan shi tibi maganinshi daban ne, wata 6 ake sha kuma kyauta ake ba da shi. A duba zuciya ma, dan ciwon zuciya shi ma haki yake sawa. Inna an yi mata hoton ƙirji, an auna majina, sannan anka sa ta busa cikin wani bututu da duk ƙarhinta, spirometri, anka ba ta Ventoline, maganin buɗe hanyoyin iska, ta shaƙa anka sake, a nan ne anka ga iskar da take hiddawa cikin sakan na farko ba ta kai kashi 70 cikin 100 na duka abin da take hiddawa ba, shi ne alamar. Wurin kine ɗin ma, abin da na fara yaba masu da shi kenan, sun ƙi karɓarta sai da takardar lokotoro. Na ga wani bawan Allah ya kawo babanshi ba takarda, ƙafahun tsohon duk sun kumbura, sunka ce a'a ku koma likita tukuna, ya yi ta roƙo sunka tsaya kan bakansu. Wuri mai kwaɗayin kuɗɗi kawai ba zai yi haka ba.

Abin da ya sa tahiya take magani ga mai ciwon da tahiyar ce ke tada mashi haki, shi ne abin da mutane ba su ganewa, kuma nan ne tausayinmu na gida yake cutar da su. Tsohuwa ta tashi ɗaukar buta ta fara haki, sai kowa ya ce sannu Inna, zauna, kar ki motsa, yara ku kawo mata. Ta zauna. Wata ya wuce, shekara ta wuce, naman cinya da na ƙwauri ya saki ya rame, kuma nama mai rauni ya hi mai ƙarhi cin iska a kan aiki iri ɗaya, sai ya zama taku goma da take yi da haki kaɗan yanzu taku biyar ne da haki mai yawa, sai tsoro ya ƙaru, sai zama ya ƙaru. Haka abin ke ta juyawa har mutum ya koma daga tabarma sai ban ɗaki. Tahiya ba ta gyara huhun da ya lalace, mai kine ɗin ya faɗa mana wannan ƙarara tun ranar farko kuma na ji daɗin da bai yi mana alkawalin ƙarya ba. Abin da take gyarawa ƙafahu ne da zuciya da kuma tsoro. Huhun shina nan yadda yake amma jikin da yake ɗauke da shi ya daina neman iska mai yawa a kan ƙaramin aiki.

Ranar farko awo ne kawai. Sun auna tansiyo, bugun zuciya, nauyi, sun maƙala mata ɗan abin nan na yatsa, oksimetir, mai nuna yawan oksijen cikin jini. Sannan gwajin tahiyar minti 6: a sa alama biyu a kulwar, wato dogon wurin wucewa na cikin gini, ki yi ta kai da kawowa iya ƙoƙarinki, in kin gaji ki tsaya ki jingina da bango amma agogo bai tsayawa, in minti 6 ta cika a lissafa mita nawa kika ci. Sau biyu sunka yi mata da hutun rabin awa a tsakani dan mutum ya kan hi ƙoƙari a na biyu tunda ya gane abin, sai a ɗauki wanda ya hi. Inna ta ci mita 230 da ɗan wani abu, ta tsaya a hanya. Mai lahiya a shekarunta ya kan ci 400 zuwa sama. A ƙa'ida kulwar ɗin mita 30 ya kamata ya zama, nasu bai kai ba, wajen 20 ne, juyawa ta yi yawa kuma juyawa na cin lokaci, dan haka lambar da anka samu a nan ba za a gwada ta da ta wani wuri ba sai dai da ta wurin. Su ba su faɗa mana ba, ni na tambaya da na ga gajartar wurin sannan ya amsa. Ya kamata su riƙa faɗi da kansu.

Shi mai kine ɗin, gaskiya shi ne dukiyar wurin. Matashi ne, shina jin Hausa da Zabarmanci duka, kuma ya san yadda ake magana da manya. Inna ta zo da tsoro, ta ce mashi ɗana ni hwa in na yi taku kaɗan ji nika kamar raina zai hita. Ya durƙusa gabanta ya ce Inna, hakin nan da kike ji ba shi ne mutuwa ba, ina nan tare da ke, ga lamba a yatsanki ina kallo, in abin ya kai na tsayawa ni zan fara ce maki ki tsaya. Wannan maganar ta yi aikin da maganin farmasi bai yi ba. Bai taɓa ɗaga mata murya ba, bai taɓa kiranta da sunanta ba, kuma in za ta cire mayahi ya kan juya baya.

Abu biyu ya koya mata da nika ganin su ne ainihin abin da munka biya ma kuɗɗi. Na farko numfashi da tsuke baki: a ja iska ta hanci ana ƙirga biyu, a hidda ta baki a tsuke a hankali ana ƙirga huɗu, kamar mai hura kunu mai zahi. Tsukewar na riƙe hanyoyin iska a buɗe har iskar da ta maƙale ta samu ta hito. Sai ya haɗa mata shi da taku, taku biyu ja, taku huɗu hidda, da farko tana ruɗewa har ta tsaya cak tana ƙirga, daga baya jiki ya saba. Na biyu auna haki da lamba daga 0 zuwa 10, sifili ba komi, goma kamar za a shiɗe. Ana son a yi tahiya a wajen 3 zuwa 4, wato ana haki amma ana iya magana guntu guntu. Inna ba ta yi lakwal ba, lambar ba ta zauna mata ba, sai ya ce to Inna ki riƙa gaishe ni muna tahe, in kin iya cewa ina kwana ɗana, ina gajiya, ba ki yanke ba, ƙara sauri kaɗan, in kin kasa hidda ko kalma biyu rage. Da wannan take aiki har yau ko ba oksimetir.

Akwai kuma yadda ake tsayawa in haki ya taso, a duƙa gaba kaɗan a dafa gwiwa ko bango ko bayan kujera, a saki kafaɗu, a ci gaba da tsuke baki har ya lafa. Da can in ya taso mata kwanciya take yi rigingine, wanda ƙara matse ta yake.

Seyansi kanta wajen awa guda ce, sau 3 a sati, sati 8. Ɗan motsa gaɓɓai, sai tahiya, da farko minti 2 tahiya minti 1 hutu ana maimaitawa, a hankali ana tsawaita tahiyar ana rage hutun har ta kai minti 20 da ɗoriya ba zama. Sai tashi da zama kan kujera ba dafa hannu, sai ɗaga gorar ruwa ta rabin litir dan ƙarhin damtse saboda masu ciwon ga ɗaga hannu sama na ba su wuya sosai, wanka, ɗaura kallabi, shanya, duk haki ne. Ventoline kuma, tunda lokotoro ya rubuta mata, tana shaƙa kamar minti 15 kahin a fara. A nan ma ya gano shekaru tana shaƙarshi ba daidai ba, maganin a harshe yake tsayawa, ya sa munka sayi bututun nan da ake haɗawa da shi ya nuna mata ta girgiza, ta hidda iska, ta danna sau guda ta ja a hankali ta riƙe. Ban san dalilin da ya sa a farmasi ba a tsayawa a nuna ma mutane wannan ba, minti biyu ne.

Yanzu injin tahiya, tapi ɗin nan da hotonshi ke kan allon ƙofarsu kuma shi suke nuna ma duk wanda ya zo tambaya. Guda biyu ne, ɗaya ya lalace tun zuwanmu har munka gama ba a gyara ba. Ɗayan kuma in kuran ya ɗauke shi kenan, gurup ɗinsu ba ya ɗaukarshi. Inna ba ta so shi ba sam, ƙasa na gudu ƙarƙashinta ga zane, ta ƙanƙame ƙarhen tana kallon ƙafarta, numfashin da anka koya mata duk ya watse. A kulwar ta yi kusan duk aikinta kuma a nan ta samu sauƙin. Dan haka kar inji ya ruɗe ku, kar kuma ku raina wurin da ba shi da inji. Tsohuwar da za ta kasuwa da masallaci da gidan biki kan ƙasa za ta taka.

Oksimetir ɗin na sayi namu a farmasi, kuma ina ba da shawarar a saya in da hali, amma a san halinshi. In yatsa da sanyi ko ana motsi lambar ta kan yi ta tsalle. Baƙin lalle da jan farce na hana shi karatu daidai, Inna sai da ta bar yatsa guda ba lalle saboda shi. Kuma an tabbatar a kan baƙar fata ya kan nuna lamba sama da gaskiya wani lokaci, wato ya ce 92 alhali jinin bai kai ba. Mai kine ya ce mata in ya sauka ƙasa da 88 ya zauna nan, ta tsaya ta huta, in bai hau ba a nemi lokotoro, amma ya ƙara da cewa ku kalli mutum kahin ku kalli lamba. Na yarda da shi. Na ga wata Hajiya a wurin da ta mayar da abin kamar tasbaha, kowane taku sai ta duba, tsoronta ƙaruwa ya yi.

To abubuwan da ba su yi mani ba.

Kuɗɗi. Seyansi guda jikka biyar, 24 kenan 120.000 F, ban sa taksi zuwa da dawowa na mutum biyu ba, ban sa magani ba. Mafi ƙanƙantar albashi a ƙasar nan 42.000 F ne, ku lissafa, kusan albashin wata ukku. Mu mun iya dan ƴaƴanta mun haɗa hannu har da wanda ke waje, amma mai tuyar ƙosai da ba ta da kowa hwa? Ita ce kuma ta hi kowa buƙata. Na tambaye su ko ba za a haɗa mutum biyar ko shidda a seyansi guda a rage kuɗɗin ba tunda kulwar ɗaya ce kuma tsofaffin ma sun hi sakin jiki in suna tare suna hira, sai mai karɓar kuɗɗi ta ce patron bai yarda ba. Kuma suna matsa ma mutum ya biya duka tun farko, in an yi fashi saboda rashin lahiya sai an yi ta magana kahin a mayar da ranar, alhali masu ciwon ga kowa ya san mura kaɗan ke kwantar da su sati guda.

Sai turare. Wannan ya ɓata mani rai ƙwarai. Wurin da aka buɗe dan masu ciwon huhu, ka shigo da sahe ka tarar an kunna turaren wuta a ɗakin jira, wata rana kuma an pompa maganin sauro an rufe tagogi. Wani dattijo tari ya sarƙe shi nan take sai da anka hidda shi waje. Na yi magana, mai kine ya ba ni gaskiya ya hana, anka daina kwana kaɗan anka koma. Shara ma da tsintsiya ake yi a bushe ana tada ƙura mutane na zaune. Wannan ba maganar kuɗɗi ba ce, rashin kula ne, a yayyafa ruwa a goge da tsumma mi zai ci?

Ba mace mai kine ko guda. Inna tsohuwa ce ta ɗauke shi ɗa, ba ta damu ba, amma na san mata biyu da sunka zo sau ɗaya ba su dawo ba, ɗaya mijinta ne ya hana. Tunda rabin masu ciwon ko hiye mata ne a abin da na gani a ɗakin jiran nan, ya kamata su nemi mace ko da kwana biyu a sati. Randebu kuma ba a cika shi, a ce ƙarhe 8 sai 9 da rabi, rana ta riga ta yi zahi, tsohuwa ta gaji da zaman benci kahin a fara.

Babban gyaran da nika so su yi shi ne takardar da suke ba mutum ya tahi da ita gida. Da Faransanci take, kuma daga gani kwafo ta anka yi daga wata ƙasa, wai a yi tahiyar minti 30 kullum a wurin shaƙatawa mai itatuwa. A Yamai? Ba kalma guda kan hunturu, ba kalma guda kan zahin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, alhali amfanin duk abin da anka yi cikin sati 8 ɗin zubewa yake cikin watanni in mutum ya koma ya zauna, kahin shekara ta zagayo kamar ba a yi ba. Wato tahiyar gida ita ce maganin na gaskiya, kabine makaranta ce kawai, kuma nan ne sunka yi sakaci. Mu da kanmu da ɗan abin da mai kine ya faɗa mana da baki munka tsara namu.

Lokacin zahi tahiya bayan sallar asuba ce kawai, kahin rana ta ɗaga, da gorar ruwa a hannu. Da marece ba ta yi, ba dan zahi kaɗai ba, lokacin ne kowace unguwa ke ƙona shara da roba, ga hayaƙin girki, ga ƙurar motoci da ta tsaya a iska. Lokacin hunturu kuma, daga Nuwamba zuwa Fabrairu har cikin Maris, akasin haka ne, sanyin asuba da busasshiyar iska na shaƙe ta, sai a bari hantsi ya yi, ta rufe hanci da baki da mayahi ko takunkumi. Ranar da hazo ya sauka har ba ka hango ƙetaren kogi daga bakin gadar Kennedy, ba hita ko ƙofar gida, cikin ɗaki za a yi, tashi da zama kan kujera da taku a wuri guda, tagogi a rufe. Ba ranar da za a ce yau hutu ne gaba ɗaya sai in ciwon ya motsa. Bakin gudiro mun bar shi saboda hayaƙin motoci da kabu-kabu, lungu mai yashi kuma na cin ƙarhi ninki biyu, mai farawa ya nemi ƙasa mai tauri. Kewayen stad Seyni Kountché wuri ne mai kyau, shimfiɗaɗɗe, mutane da yawa na tahiya can da sahe har da manyan mata, ba mai kallon wani, mukan kai ta ran Lahadi. Sauran ranaku tsakar gida ce, mun auna tsawonta da igiya, ta san sau nawa za ta kai ta kawo, jikanta na ƙirga mata da tsakuwa, kujera na ajiye a kowane ƙarshe. Takalmi mai rufi, ba silifa ba, wannan ma sai da anka sha fama.

Murhun icce kuma mun raba ta da shi, gaz ake girki yanzu kuma a waje, in gaz ya yanke a gari anka koma gawayi ita ba ta zama kusa. Ba amfani a biya jikka ɗari da ashirin a dawo a zauna cikin hayaƙin da ya kawo ciwon. Mai shan taba ma haka, barin ta shi ne kan gaba da komi.

Da anka sake gwajin minti 6 a ƙarshe, a kulwar ɗin dai, ta ci mita 300 da ƴan kai kuma ba ta tsaya ba. Masana na cewa ƙarin mita 30 ma abu ne da mai ciwo ke ji a jikinshi, ita ta ninka haka. Spirometri kuwa bai canza ba, tari da majinar sahe suna nan, magani tana nan tana sha, hawan bene har yanzu wahala ne, kuma damana da ta shigo ta yi mura ta kwanta ta koma baya sosai sai da anka sake farawa daga minti biyu biyu. Amma tana wanka da kanta ba mai tsaya mata a ƙofa, tana sallar farilla a tsaye mafi yawan lokaci bayan ta daɗe tana yi a zaune, ranar da ta fara ta yi kuka mu ma munka yi. Tana zuwa gaisuwar mutuwa da barka a unguwa, abin da rashinshi ya hi ciwon kanshi cin ranta dan tana ganin mutane za su ce ta yanke zumunci.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe, kuma wannan sun faɗa mana da kyau: in ana tahiya aka ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko zuciya na bugawa barkatai, ko leɓe ya canza launi, a tsaya nan take. In majina ta ƙaru ko ta koma ɗorawa ko kore, ko ga zazzaɓi, ko haki ya hi na kullum ko a zaune, ko ƙafa ta kumbura, ranar ba ta tahiya ba ce, ta likita ce. Jini a majina kuwa ko ɗigo ne kar a kwana.

In wani nawa zai je gobe, zan ce mashi ya je da takardar lokotoro, ya nemi a yi gwajin minti 6 a rubuta mashi lambar a karne, kuma in aljihu bai kai 24 ba kar ya fasa, ya zauna da su ya biya na sati biyu ko ukku na farko inda ake koyon numfashi da sauri da shaƙar magani, sannan ya riƙa zuwa sau guda a sati ana duba shi sauran ya yi a gida, ya dawo a sake awo a ƙarshe. Sau biyu a sati a gaban mai kine ya hi, duka ukkun sun hi, amma wannan ya hi zama nesa ba kusa ba. A je da wani na gida wanda zai koya tare da mai ciwon dan shi zai riƙa raka shi daga baya. A nemi randebu na farkon sahiya, kuma in an shiga anka ji turare a yi magana a wurin, kar a ji kunya.